Mutumin da Ya Ɗinke Doka

Idan ana lissafin waɗanda suka riƙi neman ilimi da hannu biyu bayan sun kama aiki, to a fara da shugaban laburaren babbar kotu, a kuma ɗan dakata kafin a ambaci na biyu, don tazarar tana da yawa. Shekara ashirin da uku yana kan kujerarsa. A tsawon wannan lokaci ba a taɓa shirya wa ma'aikatan laburaren shari'a taron bita ba tare da an gan shi ba. An yi bita kan haƙƙin mallakar rubutu, yana layin gaba. An yi kan adana hukunce-hukunce a na'ura, shi ya fara isa. An yi wata kan kiyaye sirrin masu karatu, ya je, ya dawo ya tara ma'aikata ya yi musu bayanin nauyin amana, har ya kawo misali da wani alƙali da ke yawan aron littattafan saki, ya faɗi sunansa da lambar ɗakinsa don kowa ya fahimta.

Lauyoyi suna kiransa Baban Bita. Yana sane, kuma yana jin daɗi, don a ganinsa girmamawa ce. A katin da ya buga wa kansa kuwa muƙaminsa ya ci layi uku: Babban Mai Kula da Taskar Dokoki, Hukunce-hukunce da Sauran Rubutattun Al'amura.

Shaidar iliminsa a rataye take. Satifiket casa'in da huɗu, kowanne a firam ɗinsa, kowanne an goge gilashinsa. Bangon ofis ya cika tun a na hamsin, sai aka wuce gida. A falo aka sauke agogo, aka sauke kalanda, daga baya aka sauke hoton aurensu aka jingine shi bayan kujera. Ranar da ya shiga ɗakin girki da guduma da ƙusa yana auna bango da ido, matarsa ta ce, "Baban yara, in ka je bita ta gaba ka tambaye su ko suna ba da bango." Ya ce mata wanda bai shiga harkar ilimi ba ba zai gane ba.

Kowace bita kuma da jakarta. 'Ya'yansa huɗu sun gama makaranta ba a taɓa saya wa ɗayansu jaka ba. Surukarsa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana zuwa asibiti da magungunanta a cikin wata jaka da aka rubuta wa Ƙalubalen Laburaren Shari'a a Zamanin Na'ura, kuma ma'aikatan jinya suna ba ta kujera da sauri.

Yadda yake halartar bita ma abin koyi ne. Yakan isa da wuri ya duba inda aka ajiye katin sunansa, in ba a babban teburi yake ba ya gyara kuskuren da kansa. Yakan saurari jawabin buɗe taro yana gyaɗa kai. Yakan sha shayi. Yakan tsaya a tsakiyar hoton taro, ya karɓi jaka, ya bar wa masu shiri adireshin da za a aiko satifiket. Kafin malami na farko ya kunna majigi, motarsa ta bar harabar. An taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Ni da na ga taken lacca a allo na riga na san inda za a dosa. In na zauna na saurari sauran, ai na tare wa masu ƙaramin sani wuri."

Bita dai ba ado ba ce a wannan sana'a. Ƙungiyar ma'aikatan laburaren shari'a ta wajabta wa kowa awa goma sha biyu na ƙarin ilimi a shekara. Wanda bai cika ba lasisinsa ya faɗi, wanda kuma ba shi da lasisi kotu ba ta barinsa a bakin aiki. Kujera ɗaya ake ware wa babbar kotu a kowane taro, kuma kowa ya san wanda ke zama a kanta.

Mataimakiyarsa ta shekara goma sha tara a laburaren. Mace ce marar hayaniya, mai tabarau, wadda in lauya ya ce yana neman "wannan shari'ar ta rikicin katanga" za ta faɗa masa kantar da littafin yake da layinsa ba tare da ta ɗaga kai ba. Da can tana haɗa awanninta da laccocin da wata jami'a ke yi ranar Asabar, sai aka daina su. Sau biyu ƙungiya ta ɗaga mata ƙafa. Takarda ta uku ta same ta a gida, gajeriya: in wata ya ƙare ba ta kawo awa goma sha biyu ba, lasisinta ya tafi. Mijinta ya yi ritaya daga gidan waya. 'Ya'ya uku ne a gabanta, ga mahaifiyarta a ɗakin baya.

Ta kai wa Baban Bita takardar. Ya karanta ta daga nesa, kamar mai duba hoton wani.

"Malama," ya ce, "ilimi daga sama yake gangarowa. In shugaba ya je bita, duk wanda ke ƙarƙashinsa ya je. Shekara goma sha tara kina zaune kusa da ni. Ki lissafa awa nawa ke nan."

"Yallaɓai, su a rubuce suke so."

"Wannan shi ne ciwon zamani. Komai sai takarda."

Ya faɗi haka ne yana zaune ƙarƙashin satifiket hamsin.

A nan ya kamata a yi wa wanda bai saba shiga laburaren shari'a ba bayanin abu ɗaya. Kundin dokoki ba kamar sauran littattafai ba ne. Ba a ɗinke shi. Bango ne mai kauri da zobba uku na ƙarfe a ciki, in an danna su buɗe, in an matsa su rufe. An yi shi haka ne don doka ba ta zama wuri ɗaya. Duk wata maɗaba'a takan aiko ambulan da sababbin shafuka da takardar umarni: cire shafi na arba'in da ɗaya zuwa arba'in da huɗu, sa waɗannan a madadinsu. Aiki ne mai gundura, ba hoto, ba shayi, amma shi ne rabin sana'ar. Lauya yana buɗe kundi ne da yaƙinin cewa wani ya yi wannan aikin a watan jiya.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wani babban baƙo ya ziyarci kotun, aka zagaya da shi laburare. Ya zaro kundi na tara don ya nuna sha'awa, zobban suka buɗe, dokar haya ta watse a ƙasa. Baƙon ya yi dariya ya durƙusa yana taya tsinta. Baban Bita bai yi dariya ba. Ya kwana uku yana cewa an zubar da mutuncin shari'a a gaban idon duniya. A rana ta huɗu, mataimakiya tana hutun haihuwar autarta, ya aika aka kira mai ɗinkin littattafai.

Mai ɗinki ya juya shafukan ya ce, "Yallaɓai, waɗannan takardun duk a huje suke, rami uku-uku. Anya ba da dalili aka yi ba?"

"Da dalili mana. Don a sauƙaƙa maka ɗinki."

Kundi arba'in da biyu aka ɗinke, aka manne, aka yi musu bangon fata ja da rubutun ruwan zinariya. Tsofaffin bangwaye masu zobba ya ce a zubar. Da mataimakiya ta dawo ta tsaya gaban kanta, ta cire tabarau ta goge ta mayar, abin bai canza ba. Gaskiya kuwa sun yi kyau. Babu wanda ya taɓa musun wannan.

Ambulan ba ta daina zuwa ba. Da ta farko ta iso aka rasa inda za a sa shafukanta, da wani ƙaramin mutum ne da ya ji kunya. Baban Bita ya tara ma'aikata.

"Dokar da aka yi jiya ɗanya ce," ya ce. "Waɗanda suka yi ta ma ba su gama yarda da ita ba. Yau su ce kaza, gobe su ce sun sake tunani. Laburare mai mutunci ba ya bin majalisa da gudu. A ba kowace doka shekara biyar. In ta tsaya da ƙafarta, sai mu duba lamarinta."

Aka ware ɗaki a ƙarshen baranda, aka sa kantoci, aka sa kwaɗo, makulli a aljihunsa. Da shekara biyar ta cika ya buɗe ambulan ta farko a gaban shaidu, ya gwada ta da jerin da maɗaba'a ke bugawa, ya tarar yawancin shafukanta an riga an sake canza su. Ya ɗaga su sama. "Kun gani? Da mun yi gaggawar sa su, da yanzu muna wahalar cirewa." Daga ranar bai ƙara buɗe wata ba, don hujja ta riga ta tabbata.

Masu zuwa laburaren ba su ragu ba, sai ma ƙaruwa. Sababbin lauyoyi suna zuwa da rigar aiki su ɗauki hoto gaban jan bango da zinariya. Tsofaffi suna zuwa bayan azahar don na'urar sanyaya ɗaki, su zauna su duba doka a wayoyinsu. Mutum ɗaya ne ya ɗauki kantar da gaske, wani dattijon lauya da bai yarda da waya ba. Ya kwafi sashe na goma sha bakwai na dokar haya da hannunsa, ya tashi a kotu ya karanta shi da murya mai kyau. Alƙali ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Barka da dawowa. Yaushe ka iso?" Dattijo ya ce bai yi tafiya ba. Alƙali ya ce to shekara bakwai ke nan da soke wannan sashe.

Dattijo ya hawo laburare yana haki. Baban Bita ya saurare shi da natsuwa.

"Abin da ke shafin ka karanta?"

"Shi na karanta, kalma da kalma!"

"To ka ga shafi bai yi maka ƙarya ba."

A wannan shekarar Baban Bita ya cim ma burin da ya daɗe yana nema: ƙungiya ta yarda a yi babbar bita ta kwana biyu, awa shida kowace rana, a cikin laburarensa. Taken taron shi ne Tafiya da Zamani: Sabunta Dokoki a Laburaren Shari'a. Ranar da aka sa ta faɗo saura kwana biyar wata ya ƙare. Mataimakiya ta lissafa, ta ga shida da shida sha biyu, ta ga kuma taron zai zo har teburinta. Ta shiga ofis.

"Yallaɓai, tunda a gida za a yi, ko a baya ne in tsaya."

"Kujerar kotu ɗaya ce, Malama, kuma mai masauki ba ya barin kujerarsa. Ke na ba ki babban matsayi. Ke ce a kan shayi."

Ranar taro an rataya ƙyalle a ƙofa da hotonsa, taken bita a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Mutum talatin da takwas suka zo daga kotuna da jami'o'i da ofisoshin lauyoyi. An ba shi minti biyar na maraba, ya yi hamsin da biyu.

"Ya ku 'yan'uwana masu gadin haske," ya ce, "doka kogi ce, ba ta tsayawa. Ma'aikacin laburaren da ya yi gyangyaɗi kwana ɗaya zai farka ya tarar an bar shi a ƙarnin da ya wuce. Ni da kuke gani, ban taɓa bari sabon abu ya wuce ni ba. Ku ɗaga kai ku dubi bango."

Aka tafa, aka sha shayi, aka yi hoto, aka raba jaka. Hannunsa ya shiga aljihu ya fito da makullin mota kamar kullum, ƙafarsa ta kai shi bakin ƙofa, a nan ya tuna laburarensa ne. Ya juya zai shige ofis, ya tarar an jingine teburin majigi da sauran kujeru a ƙofar. Ya duba hagu, ya duba dama. A karon farko cikin shekara ashirin da uku Baban Bita ya zauna aka fara darasi yana wurin.

Malamar da ƙungiya ta turo 'yar gajeriyar dattijuwa ce da ta yi ritaya daga laburaren kotun ɗaukaka ƙara, da robar juya takarda a babban yatsanta. Ba ta kunna majigi ba. Ta ce ita ba ta fara magana sai ta ga hannun mutane.

"Kowa ya ɗauko kundi ɗaya daga kanta. A kawo ambulan ta wannan wata. Minti goma, mu ga wanda ya iya cirewa da sawa."

Mutum talatin da takwas suka tashi suka ɗauko, suka koma suka buɗe. Yatsu suka shiga laluben inda ake dannawa. Wani daga laburaren jami'a ya kifa nasa ya girgiza. Wata ta leƙa ta ƙasan bango kamar mai neman ɗan kunnen da ya ɓata. Malama ta karɓi ɗaya, ta buɗe tsakiya, ta bi zaren da yatsa daga sama har ƙasa.

"Wa ya yi wannan?"

Baban Bita ya miƙe, ya gyara riga, ya ɗan sunkuyar da kai irin na wanda yabo ya yi wa yawa.

"Ba na son in yabi kaina. Zare ne mai ninki uku. Shekara goma sha ɗaya, ko shafi ɗaya bai ɓata ba. Ina ƙalubalantar duk wani laburare a ɗakin nan ya faɗi haka."

Babu wanda ya karɓi ƙalubalen.

"Sababbin shafukan fa?" Malama ta tambaya a hankali.

"Suna nan lafiya. Ku biyo ni."

Ya jagoranci taron zuwa ƙarshen baranda, ya buɗe kwaɗo, ya kunna fitila. Ambulan ɗari da talatin da biyu a jere, ɗaya kaɗai aka taɓa buɗewa. An raba kantocin gida uku, kowanne da alamarsa da rubutu mai kyau: Ɗanye, Ya Kusa, Ya Wuce. Ya yi musu bayanin tsarin shekara biyar, bai rage komai ba. Wasu suka fito da wayoyi suna ɗaukar hoto, ya matsa ya tsaya a tsakiya. Wata mata ta fita da gudu tana toshe baki, ya ce a bar ta, abin yana taɓa zuciya.

Malama ta cire robar yatsanta ta mayar. Ta ce an soke jadawalin kwana biyun gaba ɗaya, don duk abin da ta zo koyarwa ga shi nan a ɗaki ɗaya. Sai dai ba a iya komai ba tare da bangwaye masu zobba ba, ta tambaya ina suke. Baban Bita ya ce an daɗe da raba laburare da su.

"Suna ƙarƙashin bene," wata murya ta ce daga baya. Mataimakiya ce, da butar shayi a hannu. "Duka arba'in da biyu. Ina ɗiga wa zobban mai duk shekara."

Malama ta dube ta sosai. "'Yata, sunanki na cikin jeri?"

"A'a, Mama. Ni ce mai shayi."

"Ajiye butar."

Baban Bita ya ɗaga yatsa ya tunatar da taro cewa kujerar kotu ɗaya ce. Malama ta ce ba ta taɓa kujerarsa ba, ya ci gaba da zama a kanta. Ita mataimakiyar malami take nema, kuma mai koyarwa a tsaye yake aiki.

Aka aika a kira mai ɗinkin littattafai, ya zo da reza da almakashi, gashinsa ya yi fari. Ya dubi aikinsa na da, ya dubi Baban Bita, ya ce, "Yallaɓai, ashe ramukan da dalili aka yi su." Ya zauna ya fara farke abin da ya ɗinka.

Aikin ba ya yiwuwa da tsallake. Kowace ambulan ta ginu ne a kan wadda ta gabace ta, don haka sai an bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga ta farko. Mataimakiya ta tsaya a tsakiyar ɗaki da takardar umarni tana kira, "Kundi na tara, cire sha bakwai zuwa ashirin!" Zobba su buɗe, takarda ta fita, takarda ta shiga, zobba su rufe. Akwai shafin da aka sa aka cire sau shida kafin la'asar. Wanda ya rikice ta zo ta tsaya a kansa ta nuna masa lambar da ke ƙasan shafi. Muryarta, wadda yawancin lauyoyin kotun ba su taɓa jin ta da ƙarfi ba, tana kaiwa har baranda. Tsofaffin shafuka suka taru a kusurwa har gwiwa. Baban Bita ya tsaya gadinsu. Da aka zo kan kundi na ƙarshe, mai ɗauke da ƙa'idojin ƙungiyoyin sana'a, ya tattara abin da aka cire ya zuba a jakarsa ta taro. Ya ce wata rana za a nemi ainihin doka, kuma za a san inda take.

A rana ta biyu da hantsi, mutumin jami'a ya tsaya yana karanta shafin da aka ba shi ya sa, maimakon ya sa. Sai ya karanta wa kowa. Gyara ne da aka yi wa ƙa'idar bita shekara shida da suka wuce: ba a lissafa wa mutum awa sai ya sa hannu a rajistar fita a ƙarshen kowane zama. Satifiket shaidar zuwa ce kawai. Duk ido ya koma kan Baban Bita.

Ba a daɗe ba aka tsinci wasu ambulan uku farare a tsakanin masu ruwan ƙasa, da tambarin ƙungiya, da sunan Baban Bita a kai. Ba a buɗe su ba. Biyu suna kantar Ɗanye, ɗaya ta kai Ya Kusa. Malama ta miƙa masa. Ya ce ba ya buɗe wasiƙa a gaban jama'a. Ta ce babu damuwa, ta san abin da ke ciki, don irinsu ɗaya ne: gargaɗi na farko, gargaɗi na biyu, da sanarwar cewa lasisi ya faɗi.

Da ƙarfe huɗu zobban ƙarshe suka rufe. Malama ta rubuta wa mataimakiya awa goma sha biyu, ta sa hannu, ta buga hatimi, saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Mataimakiya ta ninke takardar ta sa a jakarta, ta je ta wanke kofunan shayi, don ba wanda ya tuna ya sauke ta daga wannan muƙamin.

Cikin mako guda babban magatakardan kotu ya duba ya ga mutum ɗaya ne a ginin ke da lasisin riƙe laburare. Ya rubuta mata takardar riƙon kujera. Baban Bita ya karɓi tasa takardar dakatarwa a tsaye, ya shaida wa masu shara da masinja cewa zai ɗaukaka ƙara, kuma ƙungiya za ta san ta taɓo wanda ya fi ta sanin ƙa'idarta.

A gida ya zazzage jakar taro a kan tabarma, ya nemo shafin ɗaukaka ƙara. Kwana casa'in aka rubuta. Matarsa ta leƙo ta ce, "Baban yara, ba waɗannan ne aka zubar ba?" Ya ce an zubar da su ne saboda jahilci. Ta ce ko zai kai takardar gobe a huta. Ya ce babban mutum ba ya ɗaukaka ƙara a guje, sai a ɗauka ya tsorata. Ya yi wata biyu yana rubutu, shafi arba'in, da tarihin rayuwarsa a gaba da jerin tarukan da ya halarta a baya. A rana ta tamanin da tara ya sa babbar riga ya nufi ofishin ƙungiya.

Sakataren ƙungiya ya dubi kwanan watan takardar dakatarwa, ya dubi kalanda. Ya juya ya zaro kundi daga kanta, ya buɗe, ya juyo masa shi. Kwana ashirin da ɗaya.

Baban Bita ya fito da nasa shafin ya ɗora a kai. Sakatare ya ce ya san shafin, yana makaranta lokacin da aka cire shi. Ya ce hanya ɗaya ta rage, ajin masu fara aiki, Asabar shida a jere, ya miƙo fom da biro.

Ana yin ajin ne a laburaren babbar kotu, kuma mataimakiya ce ke koyarwa. Ɗalibai tara ne, takwas daga cikinsu ba su girmi satifiket ɗinsa na farko da yawa ba. Ga lauyoyin da suka gan shi yana hawa bene da littafin rubutu, ya bayyana cewa an roƙe shi ne ya zauna a ciki don ya auna ingancin karatun. Ya zauna layin gaba. Mataimakiya ta gaishe shi da ladabi kamar yadda ta saba, ta raba wa kowa kundin gwaji da shafi ɗaya a hannu, ta ce kowa ya duba lambar da ke ƙasan shafukan biyu, ya bar wanda ya dace a ciki.

Shi ya fara gamawa. Zobbansa suka rufe da ƙara tun sauran suna laluben lamba. Ya miƙe, ya gyara riga, ya juya ga ajin ya ce in an ba shi dama zai ɗan yi tsokaci kan sirrin saurin aiki, don matasa su amfana. Mataimakiya ta zo ta tsaya kusa da teburinsa. Ta dubi shafin da ke cikin kundi, ta dubi wanda ya ajiye gefe, ta rage murya yadda na baya ba za su ji ba.

"Yallaɓai, wanda ka cire ɗin shi ne sabon."